Lilon Da Na Kawo Gwarzo

Asabar, 4 ga Shawwal, da hantsi

A ƙasan akwati na samo wannan littafin, ragowar waɗanda nake tsara darasi a ciki kafin in yi ritaya. Ba ni da wanda zan faɗa wa magana, bari in faɗa wa takarda.

An rufe filin wasan yara da na buɗe. 'Yan sanda sun ɗora kwadonsu a kan nawa. Sun tafi da Datti, mai kula da injin lilo. Ni ba su taɓa ni ba, sai dai ɗayansu ya ce, "Hajiya, kada ki yi nisa da gari." Ina zan je?

Sunan yarinyar da ta faɗo daga lilon Badi'a. Shekararta tara. Daga Masanawa babanta ya ɗauko ta a babur, yawon Sallah. Tun kafin magaribar jiya aka wuce da ita Kano. An ce tana numfashi. An ce ba ta buɗe ido ba.

Asabar, bayan azahar

Duk babur ɗin da ya tsaya a ƙofar gida sai in tashi in leƙa zaure.

Lahadi, 5 ga Shawwal, bayan la'asar

Yaya Dabo ya zo. Muka gaisa, ya tambayi gajiyar Sallah kamar yadda aka saba, sannan ya hau jan carbi. Da faɗa ya yi mini da ya fi sauƙi. Shi ne ya hana ni sayar da gonar Madadi, wadda Baba ya bar mini. Ya ce, "Zubaidatu, ƙasa ba ta tsatsa, ƙarfe yana yi." Na ce masa zamani ya canja, na sayar, na zuba kuɗin a filin wasan.

Kuma ya canja ɗin, ba ƙarya na yi ba. Shagon da marigayi maigidana ya bari, tun ana hayar kaset, aka koma faifai, aka koma tura wa mutane finafinai a waya, ina ji ina gani ya mutu a hannuna. Kowa yanzu da fim ɗinsa a aljihu. Ga tsadar da ta biyo bayan cire tallafin mai. Mai neman mudun masara ina ruwansa da kallo?

Ana cikin haka Mahbub ya zo, wakilin wani kamfani na Kano mai filayen wasan yara. Su ne da suna da injina da riguna da tikiti, kai ne da fili da jari, a riƙa raba abin da aka samu. Ya nuna mini hotunan rassansu a waya. Ya ce, "Hajiya, mun yi nazari. Mutane sun rage sayen abin da za su ajiye, yanzu abin da za su tuna suke saya. Uban da ya kasa ɗinka wa 'yarsa kaya kala biyu zai iya biya mata hawa lilo sau ɗaya, ya ɗauke ta hoto, ta shekara tana ba da labari."

Shekara talatin da biyu na yi a aji. Na san yadda idon yaro yake idan ya ga abin da bai taɓa gani ba. Na yarda. Aka kawo gidan tsalle, da ƙananan motoci huɗu, da babban lilon mai juyawa, mai kujeru goma sha biyu rataye da sarƙa. Mutanen Hisba suka zo suka gindaya sharuɗɗa: layin maza daban, na mata daban, ba kiɗa, a rufe kafin magariba. Na kiyaye duka. Duk abin da su suka ce na kiyaye.

Da Yaya zai tashi ya ce, "Akwai abin da ya kamata in sani?"

Na ce babu.

Litinin, 6 ga Shawwal, da safe

Maƙwabciyata ta ga ba na cin abinci, ta ce Allah ya karɓi sitta Shawwal. Na ce amin.

Talata, 7 ga Shawwal, bayan azahar

Uwaliya matar Datti ta zo, goye da autarsu. Na shimfiɗa mata tabarma, ta ƙi, ta tsuguna a ƙasa. Daga kai masa abinci take. Ta ce zafin ɗakin da aka ajiye shi ba ya faɗuwa, ƙafafunsa sun kumbura, ga shi da ciwon suga.

Datti ba yaro ba ne. Ya haura hamsin. Shekara ashirin yana walda a bakin tasha kafin wuta ta gagara, man janareta ya gagara, ya rufe rumfarsa. Ni na je har gida na roƙe shi ya riƙe mini injin, saboda na san ba ya ha'inci.

Uwaliya ta ce, "Hajiya, ya ce in gaishe ki da jiki. Ya ce in faɗa miki bai ce wa kowa komai ba."

Na ce, "Komai kamar me?"

Ta ɗago ta dube ni. Ta ce, "Nima na tambaye shi. Ya ce ke kin sani."

Na ba ta shinkafa da mai. Ta karɓa ba ta yi godiya ba, kuma ban ga laifinta ba.

Laraba, 8 ga Shawwal, da hantsi

Wani ya ɗauki abin a waya. Yana yawo a gari, an ce har Kabo, har Kano. Ɗan maƙwabta ya miƙo mini ta kan katanga wai in gani. Na ce ya tafi da shi. Ina wurin. Ba na buƙatar waya.

Laraba, da yamma

Har yanzu Badi'a ba ta buɗe ido ba.

Alhamis, 9 ga Shawwal, bayan la'asar

Mahbub ya zo da takarda shafi biyu, da Turanci. Ya ɗauka ba zan karanta ba, ya manta abin da na koyar. Takardar ta ce mai kula da injin ne ya ƙara gudu fiye da ƙa'ida, ba da sanin kamfani ko mai fili ba.

Na ce Datti bai ƙara gudu ba.

Ya ce, "Hajiya, ki fahimce ni. Wani ne zai ɗauki wannan abu. Idan kin sa hannu, lauyanmu lauyanki ne. Kuɗin asibiti muna biya. Kafin Babbar Sallah an buɗe miki fili, maganar reshen Kabo da muka yi ma tana nan. Shi kuma ba za mu bar iyalinsa ba."

Na ce ya ajiye, zan yi tunani.

Ya kai bakin zaure ya juyo, ya rage murya. "Hoton nan da kika turo mana cikin azumi, da amsar da ofis ya ba ki, ki goge. Mu mun goge namu. Zamansa a wayarki ke zai fi cuta, don ya nuna kin sani."

Ban goge ba. Ban kuma buɗe ba. Na kashe wayar na tura ta cikin buhun gero.

Juma'a, 10 ga Shawwal, bayan an sauko

Daga tsakar gida nake jin lasifika. Liman bai kama suna ba. Ya yi magana a kan amana, da ranar da hannu da ƙafa za su ba da shaida. Sai na ji kamar ni kaɗai ce a garin.

Yaran da ke zuwa ina yi musu bitar karatu, yau ko ɗaya bai zo ba. An rubuta wani abu da gawayi a jikin ƙofar filin. Yaya Dabo ya sa an wanke, ya ƙi faɗa mini ko mene ne.

Asabar, 11 ga Shawwal, bayan magariba

Na je Kano, asibitin da yarinyar take kwance. Ban faɗa wa kowa ba, duk da kashedin ɗan sandan. Na dafa dambu na zuba a kwano, na sa hijabi har ƙasa.

Ban iya shiga ɗakin ba. Na kai ƙofa, na ji ƙarar na'ura tana tit, tit. Na dawo waje. A inuwar wata darbejiya na ga wani siririn mutum fari a kan tabarma, da buta da carbi. Wata mai shara ta ce mini shi ne Sajo, uban yarinyar lilo. Haka suke kiranta a can, yarinyar lilo.

Na gaishe shi. Ya matsa mini gefen tabarma ya ce, "Inna, zauna, rana ta yi zafi. Ke ma naki ne a ciki?"

Na ce e.

Ya ce Allah ya ba shi lafiya. Sannan ya ba ni labari, kamar mai son ya ji muryarsa. Ita ce babba a 'ya'yansa. Ita ke kai awaki bakin fadama. Tun tsakiyar azumi take jin labarin lilon Gwarzo a bakin ƙawayenta, ta azumci goma sha biyu a bana, ya yi mata alkawari. Ranar Sallah da kashegari ba shi da kuɗin mai, sai rana ta uku ya sayar da zabi biyu.

Rana ta uku.

Na ajiye masa kwanon, na ce zan dawo in ɗauka. 

Lahadi, 12 ga Shawwal, da safe

Takardar Mahbub tana kan firji. Na ɗora mata faranti don kada in riƙa ganinta.

Litinin, 13 ga Shawwal, da azahar

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Talata, 14 ga Shawwal, da yamma

An kai ta jiya bayan la'asar, a Masanawa. Yaya Dabo ya je jana'iza a madadina. Ya ce mutane sun yi yawa, wasu samari suna ta maganganu, dattawa suna kwaɓarsu. Ya ce in haɗa kaya in koma gidansa na kwana biyu. Na ce ba inda zan je. Ya ce ba shawara yake ba ni ba.

Ina ɗakin matarsa yanzu. Jikokinsa suna wasa a tsakar gida, sun ɗaura igiya a reshen mangwaro suna lilo. Na fita na daka musu tsawa har ƙaramar ta fashe da kuka. Kowa ya juyo yana kallona.

Laraba, 15 ga Shawwal, da hantsi

An hana belin Datti. Magana ta zama ta rai.

Laraba, bayan la'asar

Mahbub ya kira wayar Yaya sau huɗu. Ya ce lokaci na ƙurewa, ranar Litinin za a shiga kotu.

Idan na sa hannu, na koma gidana, na koma filina. Mace ce ni, gwauruwa, tsohuwar malamar makaranta, rabin garin nan na koya wa baƙi da wasali. Ba wanda zai ƙi yarda da ni. Shi kuma mai walda ne.

Ina tsoron ɗakin da aka ajiye shi. Ina tsoron a kira sunana a rediyo. Ina tsoron 'yata da ke aure a Kabo ta kasa fita unguwa. Ina tsoron samarin Masanawa. Na jera su duka ina dubawa, sai na ga akwai wani tsoron a ƙarƙashinsu da ya fi su girma, shi ne wanda ban rubuta ba.

Alhamis, 16 ga Shawwal, da safe

Ban sa wa takardar hannu ba. Ban yaga ba.

Juma'a, 17 ga Shawwal, bayan azahar

Uwaliya ta biyo ni har gidan Yaya. Ba ta shigo ba, a zaure ta tsaya. Ta ce jiya Datti ya faɗi, sai da aka ɗaura masa ruwa. Ta ce ta roƙe shi ya yi magana ko don 'ya'yansa, ya ce shi ba zai tona asirin matar da ta ba shi aiki lokacin da ba shi da na cefane ba, kuma hannunsa ne ya kwance igiyar, wannan gaskiya ne.

Ta ce, "Wace igiya, Hajiya? Ni ban san komai ba. Ni dai na san mijina ba ya kwance abin da ya ɗaure sai an sa shi."

Yaya Dabo yana bayan ƙyaure, ya ji duka. Da ta tafi bai tambaye ni ba. Ya kawo kujera ya zauna a gabana, ya jira.

Na faɗa masa. Tunda na faɗa da baki, bari in rubuta.

Kwana biyar kafin Sallah Datti ya nuna mini ƙugiyar kujera ta bakwai, inda sarƙa ke rataye. Ta cinye, saura kamar kaurin tsinke biyu. Ya ce ba ta walduwa, sai sabuwa. Na ɗauki hoto na tura wa kamfani. Suka ce sai bayan Sallah, mu lallaɓa. Datti ya naɗe kujerar da igiya ya ɗaure ta sama, muka yi kwana biyu muna aiki da kujeru goma sha ɗaya. Rana ta uku layi ya kai har titi. Yara na kuka, iyaye na zagi, magariba na matsowa, wasu tun daga Lakwaya suka zo a ƙafa. Na tashi daga teburin tikiti na ce masa ya kwance ta. Ya ce, "Hajiya, a'a." Na ce ya riƙa ɗora marasa nauyi kawai. Ya sake cewa a'a. Na ce, "Filin naka ne ko nawa?"

Shi ke nan. Abin da ya faru ke nan.

Yaya ya miƙe. Ya ce, "Ina wayar?" Na ce tana cikin gero.

Asabar, 18 ga Shawwal, da yamma

Hadari ya haɗu, iska ta taso, ruwan bai sauka ba. Na ci tuwo loma uku, na farko a kwana da yawa.

Lahadi, 19 ga Shawwal, da hantsi

Na haɗa 'yar jaka: zane biyu, hijabi, maganin hawan jini, Alƙur'ani. Ban san ko gobe a gida zan kwana ba. 

Litinin, 20 ga Shawwal, bayan la'asar

Kotun ta cika har tagogi. Aka shigo da Datti, na kasa gane shi, rigarsa ta yi masa yawa. Mahbub yana gaba da lauyansu. Da ya gan ni ya yi murmushi ya nuna mini wuri kusa da shi. Na zauna kusa da Yaya.

Aka karanta ƙara. Kafin a ci gaba Yaya ya miƙe ya nemi izini, ya ce ƙanwarsa tana da magana. Alƙali ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Malama, kin san abin da za ki faɗa zai iya komawa kanki?"

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, a kaina yake tun farko."

Muryata ta fita ƙarama, sai da aka ce in ɗaga. Na faɗi duka, har kalmar da na gaya wa Datti. Na miƙa wayar, na miƙa takardar da ban sa wa hannu ba. Wata mata a baya ta yi salati da ƙarfi. Datti ya sunkuyar da kai yana kuka. Lauyan kamfani ya tashi yana magana da sauri, alƙali ya ce ya zauna, layinsa na zuwa.

An ba da belin Datti. Ni ma Yaya ya tsaya mini. Za a kira mutanen kamfani su yi bayanin amsar da suka ba ni. An ɗage zama.

A waje na ga Sajo a jikin babur ɗinsa. Na so in kauce, ya tako har inda nake. Ya ce, "Inna, kwanonki yana gida. Tun a asibiti na gane ki, ke kika yaga mana tikiti. Na yi shiru ne in ga ko za ki faɗa."

Na sunkuyar da kai na bi bayan Yaya.

Laraba, 22 ga Shawwal, da safe

Na dawo gidana. Jiya da rana an jefo dutse a kan rufin kwano. Ɗaya ne kawai.

Asabar, 25 ga Shawwal, bayan azahar

An yi zaman sulhu a gaban alƙali, da dattawan Masanawa da namu. Sajo ya ce shi ya yafe haƙƙinsa a kaina da kan Datti, bai yafe wa kamfani ba. Ya ce amma yarinya tana da uwa, ita ba ta ce komai ba tun ranar, ba zai yi magana da bakinta ba. Abin da ke na hukuma kuma yana nan, sai zama na gaba. Alƙali ya tuna mini kaffara, azumin wata biyu a jere. Na ce na sani.

Filin ba zan sake buɗe shi ba. Na ce su zo su kwashe ƙarafansu.

Litinin, 27 ga Shawwal, bayan magariba

Yau na ɗauki azumi na farko, kuma yau na je Masanawa. Yaya ya kai ni, ya tsaya a waje wurin maza.

Sunan uwar Altine. Ba ta kai 'yata ba a shekaru. Na same ta a bayan ɗaki tana tsince wake a faifai. Na yi sallama, ta amsa ba ta ɗago ba. Na durƙusa, na yi mata gaisuwa, na faɗa mata ko ni wace ce. Ta ce ta sani. Na ce ban zo neman yafiya ba, don ban isa ba, na zo ne ta gan ni, ta faɗi abin da take so.

Ta ci gaba da tsintar wakenta. Na kai rabin awa a durƙushe, ƙafafuna suka mutu. Har na fara tunanin tashi, sai ta ce, "Ni ban je ba. Ban taɓa ganin abin ba. Babanta ya ce ya juya yana gyara babur. Ke kina kallo?"

Na ce ina kallo.

Ta ce, "Ta ji tsoro?"

Na ce da farko ta ji. Ta ƙanƙame sarƙa da hannu biyu, ta runtse ido. A zagaye na biyu ta buɗe. A na uku ɗankwalinta ya tashi, ta bi shi da kallo, ta ƙyalƙyale da dariya, tana kiran babanta ya duba, wai tana hango har bayan gari.

Altine ta ajiye faifan. Ta ce, "Zagaye nawa ta yi?"

Na ce shida.

Ta gyaɗa kai a hankali, hawaye na bin haɓarta suna ɗiga a kan waken. Ba ta ce ta yafe ba. Ba ta ce ba ta yafe ba. Ta ce, "Sake faɗa mini daga farko. Kada ki yi sauri."